In an tuɓe sarki, wa ke riƙe ƙasa kafin a yi zaɓe?

Tambayar ita ce: in jama'a ko sojoji sun kifar da sarauta an ce an koma jamhuriya, me ya sa ba a zaɓen shugaba nan take, sai dai kaji an naɗa wata majalisa ta mutum biyar ko goma wai su riƙe ƙasa na ɗan lokaci? Wa ya ba su ikon? Kuma me ya sa sau da yawa ƙarshenta mutum ɗaya ne ke haɗiye sauran?

Toh ɗan'uwa, amsar farko mai sauƙi ce. Ranar da sarki ya sauka, ba shi kaɗai ya sauka ba, duk tsarin da ake mulki da sunansa ya sauka tare da shi. Alƙali da sunan sarki yake yanke hukunci, soja ga sarki ya yi rantsuwa, haraji da sunansa ake karɓa, majalisar dokoki ma a ƙarƙashin kundinsa take zaune. Kaga kenan washegari da safe babu wanda doka ta san da shi, amma dole a biya albashi, dole a buɗe kasuwa, dole wani ya amsa wa jakadun ƙasashen waje. Shi kuwa zaɓe ba a yinsa a kwana biyu, sai an yi rajistar masu jefa ƙuri'a, sai an yanke waye zai yi zaɓen ma tukuna, sai an san kujerar da za a zaɓa ɗin mene ne ikonta. Dalilin da ya sa ake tara mutane da yawa maimakon mutum ɗaya kuma, shi ne waɗanda suka haɗu suka kayar da sarkin ba su yarda da junansu ba, ƙin sarki ne kawai ya haɗa su, don haka kowane ɓangare yana so a ce nasa na zaune a teburin.

Wa ya ba su ikon? Gaskiya babu. Kuma nan ne duk matsalar take. Matsayinsu kamar na wanda aka ba wa ajiyar dukiyar gado ne kafin a yi rabo, mutuncinsa gaba ɗaya yana rataye ne da cewa kowa ya yarda zai miƙa in lokaci ya yi. Shi ya sa ni in ina duba irin waɗannan gwamnatoci abu uku nake bi: yaushe suka ce za a yi zaɓe kuma sun cika ko ba su cika ba, a ina suke samun kuɗi, sannan bindiga a hannun wa take. Bari in ɗauki Faransa ta 1848 in zauna a kanta sosai, don ita ce duk abubuwan nan uku suka fito fili a cikin wata huɗu kacal.

Sarkin lokacin Louis-Philippe ne, yana kan mulki tun 1830. A ƙasa mai mutum sama da miliyan 35, waɗanda ke da ikon jefa ƙuri'a ba su wuce kusan 240,000 ba, don sai mai biyan haraji mai kauri. 'Yan adawa aka hana su taron siyasa sai suka koma shirya walima, a ci abinci a yi jawabi, gwamnati ta hana wadda aka shirya a Paris ranar 22 ga Fabrairu, mutane suka fito titi. Ran 23 firayim minista Guizot ya sauka, har an fara murna, da daddare sai sojoji suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga suka kashe mutane da dama, aka ɗora gawarwakin a amalanke aka zaga gari da su. Kafin azahar ɗin 24 ga wata sarki ya yi murabus ya bar wa jikansa ɗan shekara 9, ya gudu Ingila. Jikan nan bai hau ba, don jama'a sun kutsa cikin majalisa da makamai, aka riƙa karanto sunaye ana ihun an yarda ko ba a yarda ba. Wallahi haka aka kafa gwamnatin, da ihun taron da ya samu shiga zauren, sannan aka wuce babban ofishin magajin garin Paris aka ƙarasa haɗa jerin sunayen.

Mutum 11 ne. Kuma in ka duba za ka ga ainihin jeri biyu aka haɗe, na jaridu biyu, Le National ta masu sassaucin ra'ayi da La Réforme ta masu zafi. Aka ɗora dattijo Dupont de l'Eure a matsayin shugaba, mutum ɗan shekara 80, saboda kowa na ganin girmansa kuma ba wanda ke tsoron zai ƙwace mulki. Wanda ya fi kowa tasiri shi ne Lamartine, mawaƙi ne sananne, shi aka ba harkokin waje. Akwai Arago masanin taurari, Ledru-Rollin a harkokin cikin gida, Garnier-Pagès wanda daga baya ya riƙe kuɗi, Marie, Crémieux, Marrast, Flocon, sai Louis Blanc ɗan gurguzu da wani ma'aikacin masana'anta da ake kira Albert, wanda sa shi a gwamnati a wancan zamani babban abu ne, lebura a kujerar mulki.

Abin da mutanen nan suka yi a mako 11 bai kamata a raina shi ba. Sun soke hukuncin kisa kan laifin siyasa. Sun buɗe wa jaridu da tarurruka. Sun rage awannin aiki zuwa 10 a Paris, 11 a sauran garuruwa. A farkon Maris suka ce duk namijin da ya kai shekara 21 yana da ƙuri'a, masu zaɓe suka tashi daga 240,000 zuwa sama da miliyan 9 a lokaci guda, mata dai ba a sa su ba. Ran 27 ga Afrilu suka sa hannu kan dokar haramta bauta a duk yankunan da Faransa ke mallaka, aikin da Victor Schœlcher ya tsaya a kai, kusan bayi 250,000 suka samu 'yanci, a Martinique da Guadeloupe da Réunion da Guyane har da Saint-Louis da Gorée a Senegal. Ni a ganina da an jira majalisar da aka zaɓa daga baya, wadda masu dukiya suka cika, da wuya a yi wannan cikin sauri haka. Wannan shi ne alherin riƙon ƙwarya, akwai 'yar taga da take buɗewa wadda masu hana ruwa gudu ba su gama farfaɗowa ba. Lamartine kuma ya aika wa ƙasashen Turai takarda cewa jamhuriya ba yaƙi ta zo yi ba, don kowa na tuna yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan kafa jamhuriyar Faransa ta farko a 1792, ya kuma tsaya gaban taro ran 25 ga Fabrairu ya ƙi yarda a canja tutar ƙasa zuwa ja.

Amma a wannan rana ta 25 ɗin dai suka yi alkawarin da ya zo ya ci su. Ma'aikata ɗauke da bindigogi suka shigo suna neman a tabbatar musu da aiki, Louis Blanc ya rubuta doka cewa gwamnati ta ɗauki nauyin samar wa kowane ɗan ƙasa aikin yi. Aka buɗe abin da suka kira wuraren aiki na ƙasa, ana biyan faran 2 a ranar da mutum ya yi aiki, ƙasa da haka a ranar da babu. Abin lura shi ne ba a ba Louis Blanc ya gudanar da shirin ba, Marie aka ba, wanda bai yi imani da shi ba sam, shi kuma Blanc aka tura shi fadar Luxembourg ya shugabanci kwamitin tattauna matsalar ma'aikata, ba kasafi ba iko. Aikin da ake da shi bai wuce haƙa da gyaran hanya ba, mutane kuwa suka yi ta kwarara har daga wajen Paris, kafin Yuni sun haura 100,000.

Yanzu zo ka ga maganar kuɗi. Juyin juya hali na faruwa masu kuɗi suka ɓoye abinsu, mutane suka yi layi suna kwashe ajiyarsu, kasuwar hannun jari ta faɗi, baitulmali ya kusa komawa wayam. Gwamnatin nan tana tsoron a ce mata 'yar ƙwace, don haka ta dage sai ta biya bashin da sarki ya bari. Toh ina za a samo? Ran 16 ga Maris Garnier-Pagès ya ƙara santim 45 a kan kowane faran ɗaya na harajin kai tsaye, wato ƙarin kashi 45 cikin 100. Kuma harajin nan mafi yawansa na gonaki da filaye ne, kenan manomi ne zai biya. Ka tsaya ka yi tunani, ka ba mutanen karkara ƙuri'a a farkon wata, ka ɗora musu haraji a tsakiyar wata, su ne kuma mafi rinjaye a ƙasar, sannan labari ya iso ƙauye cewa kuɗin nan ana ba wa 'yan birni ne suna zaune ba aiki. Ba a buƙatar wani ɗan sarauta ya yi kamfe, harajin ya yi masa.

Daga nan sai rigimar ranar zaɓe, wadda a kowace gwamnatin riƙon ƙwarya sai ka same ta. An sa 9 ga Afrilu. Masu zafin ra'ayi irin su Blanqui suka ce a ɗage, hujjarsu ita ce mutanen karkara ba su san jamhuriya ba, yawancinsu ba su taɓa zaɓe ba, in aka yi yanzu mai gona da limamin coci ne za su gaya musu wanda za su zaɓa, a bari a wayar da kai tukuna. Ran 17 ga Maris suka fito da gagarumar zanga-zanga, abin da suka samu ɗagewar mako biyu ce kawai, zuwa 23 ga Afrilu. Kuma maganar gaskiya hasashensu ya tabbata. Ranar ta faɗo a Ista, a ƙauyuka da dama daga coci aka ɗunguma zuwa rumfar zaɓe, kusan kashi 84 cikin 100 suka fito, majalisa mai kujeru kusan 900 ta cika da masu sassaucin ra'ayi da kuma 'yan sarauta da suka sa rigar jamhuriya, masu zafi suka zama 'yan tsiraru duk da kwamishinonin da Ledru-Rollin ya tura larduna.

Amma duk da haka ni ban yarda da su Blanqui ba. Wanda ya ce a jira sai jama'a sun waye, tambayar da ba ya amsawa ita ce wa zai yanke cewa sun waye, kuma yaushe. Amsar kullum shi ne da kansa. Rasha ta 1917 ta nuna ɗaya gefen, Sarki Nicholas na II ya yi murabus a Maris, gwamnatin riƙo ta Lvov sannan ta Kerensky ta yi ta jan ƙafa kan zaɓen majalisar tsara kundi, ta ƙi taɓa maganar rabon gonaki wai sai majalisar ta zo, ta kuma ci gaba da yaƙi, har 'yan gurguzun Bolshevik suka ture ta a Nuwamba, zaɓen da aka yi bayan nan kuma majalisar zama ɗaya ta yi a Janairun 1918 aka watse ta.

Mu koma Paris. Majalisa ta zauna ran 4 ga Mayu, gwamnatin mutum 11 ta miƙa mulki kamar yadda ta yi alkawari, wannan kuwa abin a yaba ne don ba kowa ke yi ba. Sai dai har yanzu babu kundin tsarin mulki, don haka aka sake kafa wani riƙon, Hukumar Zartarwa mai mutum 5: Arago, Garnier-Pagès, Marie, Lamartine da Ledru-Rollin. Louis Blanc da Albert aka ajiye su gefe. Shi ma Ledru-Rollin majalisa ba ta so shi ba, Lamartine ne ya kafe sai da shi don kada a yanke hulɗa da masu zafi gaba ɗaya, kuma ya biya farashi, mutumin da larduna 10 suka zaɓa a Afrilu sai ga shi ya zo na huɗu cikin biyar a ƙuri'ar majalisa. Ita wannan hukuma da gangan aka yi ta mai rauni. Majalisa na iya sauke ta duk ranar da ta so, ministoci ne ke riƙe da ma'aikatu ba su ba, su biyar ɗin kuma ba bakinsu ɗaya ba, kenan majalisa na zarginsu da sassauci ga titi, titi na zarginsu da cin amana.

Ran 15 ga Mayu masu zanga-zangar goyon bayan Poland suka mamaye zauren majalisa har wani ya sanar wai an rushe ta, aka fatattake su, aka kama jagororin masu zafi irin su Barbès da Albert da Raspail, daga baya Blanqui. Daga nan majalisa ta ƙudura sai ta rufe wuraren aikin nan. Ran 21 ga Yuni aka ba da umarni cewa samari 'yan 18 zuwa 25 su shiga soja, sauran su shirya a tura su larduna. Ran 23 gabashin Paris ya cika da shingaye. Ran 24 majalisa ta kwashe duk iko ta danƙa wa ministan yaƙi, Janar Cavaignac, wanda ya yi shekaru yana yaƙin mamaye Aljeriya, Hukumar Zartarwa ta yi murabus, mako shida kenan da kafa ta. Faɗan ya kai 26 ga wata, an kashe dubban mutane, har da babban limamin cocin Paris, Affre, wanda harsashi ya samu ya je sulhu, an kama sama da 10,000. Abin da ke min ciwo a labarin nan shi ne waɗanda aka harbe a Yuni su ne dai mutanen da suka kafa shingayen da suka kawo jamhuriyar a Fabrairu.

Kaga amsar tambayarka ta uku kenan. Majalisar mutum biyar tana iya tafiya muddin maganar ta muhawara ce, amma ranar da aka koma harbi kowa sai ya nemi mutum ɗaya da zai ba da oda, kuma wanda soja ke saurara shi ne zai samu. Kundin 4 ga Nuwamba 1848 ya ƙirƙiro shugaban ƙasa da jama'a za su zaɓa kai tsaye, aka yi zaɓe ran 10 ga Disamba, Louis-Napoléon Bonaparte, ɗan ƙanin Napoleon na farko, ya kwashe kusan ƙuri'a miliyan 5.4, Cavaignac kusan miliyan 1.4, Lamartine bai kai 18,000 ba. Manoma sun zaɓi sunan da suka sani, ma'aikata da yawa sun ƙi wanda ya harbe su. Ran 2 ga Disamba 1851 ya yi wa jamhuriyar juyin mulki, shekara guda bayan nan ya naɗa kansa sarkin sarakuna.

Jamus a 1918 kusan haka ta bi amma ta ɗan fi tsira. Sarauta ta faɗi ran 9 ga Nuwamba, aka kafa Majalisar Wakilan Jama'a ta mutum 6, uku daga jam'iyyar su Ebert jagoran 'yan gurguzu masu sassauci, uku daga ta su Haase jagoran masu zafi, suka ba wa mata 'yancin jefa ƙuri'a, suka kawo aikin awa 8. Ebert ya dage kan ranar zaɓe, aka yi ran 19 ga Janairu 1919, majalisa ta zauna a Weimar a Fabrairu. Sai dai don ya kai wannan rana ya ƙulla da Janar Groener na tsohuwar rundunar sarki, su Haase suka fice a ƙarshen Disamba, aka murƙushe boren Berlin a Janairu aka kashe jagororin 'yan kwaminis, Liebknecht da Rosa Luxemburg. Jamhuriyar ta rayu, amma hafsoshi da alƙalan da ba sa ƙaunarta suka ci gaba da zama a kujerunsu.

Inda sojoji ne da kansu suka tuɓe sarkin kuwa, maganar bindiga an riga an gama ta tun ranar farko, abin da ya rage shi ne wane ne a cikinsu. Masar, 23 ga Yuli 1952, hafsoshi suka yi juyi, ran 26 Sarki Faruk ya sauka ya bar wa jaririnsa Ahmad Fu'ad, aka kafa majalisar riƙon sarauta wadda suna kawai gare ta, iko na hannun Majalisar Jagorancin Juyin Juya Hali. A Janairun 1953 aka rushe jam'iyyu aka ce riƙo na shekara 3, ran 18 ga Yuni 1953 aka ayyana jamhuriya da Janar Muhammad Najib a shugabanci. Rikicin Fabrairu da Maris na 1954 tsakaninsa da Jamal Abdunnasir a kan me aka yi shi? A kan dai komawa ga jam'iyyu da zaɓen majalisa. Najib ya karkata ga a koma, Abdunnasir ya riƙe hafsoshi da titi, kafin ƙarshen Nuwamba 1954 Najib na ɗaurin talala, a Yunin 1956 aka yi ƙuri'ar raba gardama da ɗan takara ɗaya aka rushe majalisar. Iraƙi a 1958 bayan kashe Sarki Faisal na II sun kafa Majalisar Mulki ta mutum 3, Basunne da ɗan Shi'a da Bakurde, tsari mai kyau a takarda, amma hafsan da ya jagoranci juyin, Abdulkarim Ƙasim, ne ke mulki.

Mafi muni a wurina Habasha ce. Ran 12 ga Satumba 1974 majalisar sojoji da ake kira Derg ta sauke Sarki Haile Selassie, kuma sunanta na hukuma ma yana ɗauke da kalmar wucin gadi. Shugabanta na farko Janar Aman Andom an kashe shi ran 23 ga Nuwamba na shekarar, a daren da aka harbe manyan jami'an tsohuwar gwamnati kusan 60 ba shari'a. Na biyu, Tafari Benti, an kashe shi a Fabrairun 1977, wani hafsa daga cikinsu, Mengistu, ya rage shi kaɗai a sama. Wucin gadin nan sai 1987 aka ce an kawo ƙarshensa, shekara 13, kuma wanda aka miƙa wa mulkin Mengistun ne dai.

Don haka in kana karanta tarihin kowace irin wannan majalisa, kada jerin sunayen 'yan cikinta ko kyawun sanarwarta ta farko su ɗauke maka hankali. Nemi ranar zaɓe, ka ga an sa ta da lamba ko cewa aka yi sai al'amura sun daidaita. Duba ko 'yan majalisar sun amince wata hukuma da ba su suka naɗa ba ta rubuta kundi. Duba wa aka ɗora wa harajin farko. Sannan ka gano sunan wanda ke ba wa rundunar babban birni umarni, a Paris Cavaignac ne tun tsakiyar Mayu, wata guda da 'yan kwanaki kafin majalisa ta miƙa masa komai a hukumance.